Wane inji ya dace da tsohuwar Hilux mai jan tirela?

Tambaya: Ina da Hilux mai gas, ƙirar 1994, mai taya huɗu na ja, injinta 3L. Ina jan tirela da ita, wani lokaci tankin ruwa mai lita 1,000, wani lokaci buhunan masara, tsakanin Jos da Akwanga. Yanzu injin ya gaji: yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, kuma a Hawan Kibo sai allurar zafi ta tashi. Bakanike ya ba ni zaɓi: a sake gina nawa, ko in sayi 5L da aka riga aka gina, ko in ɗora 1KZ mai turbo na Beljiyam, ko in koma fetur. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. A taƙaice, ka sake gina 3L ɗinka idan bulok da karanshaf suna da sauran rai, ko ka ɗauki 5L mai famfon gas irin na da, wanda ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, idan ka samu wanda za a buɗe maka cikinsa ka gani. Rarar kuɗin kuma ka zuba ta a lagireto, kuloci, birki da haƙoran aksul. Ga dalili.

Mutane suna tambayar doki nawa inji yake da shi, alhali mai jan kaya abin da ya dame shi shi ne ƙarfin murɗa, wato ƙarfin da inji ke juya karanshaf da shi tun yana ƙasa-ƙasa bai yi ihu ba. 3L lita 2.8 ne, dokinsa wajen 90, ƙarfin murɗarsa 188 a ma'aunin Nm lokacin da yake juyi 2,400 a minti. 5L lita 3.0 ne, dokinsa wajen 97, murɗarsa 192 a wannan juyin dai. Dubi tazarar da kyau: 4 kacal, wato kashi 2 cikin 100. Wanda ya ce maka 5L zai mayar da motarka tirakta, ko dai bai taɓa auna su ba, ko kuwa yana da 5L na sayarwa. Abin da ya sa masu canjawa ke rantsuwa sun ga bambanci shi ne sun cire 3L da ya mutu a tsaye sun sa 5L mai lafiya. Da 3L mai lafiya suka sa, kusan haka za su ji.

Bari mu yi lissafin aikinka. Mota da direba da ɗan kayan baya, a ce kilo 2,000. Tirela da tanki cike, a ce kilo 1,500, tunda litar ruwa kilo guda ce kuma ƙarfen tirelar ma yana da nauyinsa. Jimla 3,500. A hawan da ke tashi mita 8 a kowace mita 100, in kana son gudun kilomita 40 a awa, kana buƙatar doki wajen 49 a taya, wanda ke nufin kusan 58 a inji, don giya da aksul suna cin rabonsu a hanya. 3L a juyi 2,400 yana ba da wajen 63, 5L kuma wajen 65. To amma inji marar turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, saboda iska tana yin sauƙi. Jos tana sama da mita 1,200, ke nan kusan kashi 12 ya tafi kafin a fara magana. Saura wajen 56 ga 3L, 57 ko 58 ga 5L. Duk su biyun a bakin iyakarsu suke. Da kowanne, dole ka sauko giya ka bar injin ya yi juyi 3,000 zuwa 3,400, ka haƙura da gudu. A irin wannan aiki, injin yana kan cikakken totur na mintuna da yawa, iskar da ke shiga lagireto kuma kaɗan ce saboda tafiyar a hankali ake yinta. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wane inji ne zai jure zafi na minti ashirin ba tare da kansa ya tsage ba?

Wannan ne ya sa nake jan kunne kan 1KZ. Gaskiya ƙarfinsa daban ne: doki wajen 130, murɗa kusan 290 a juyi 2,000, kuma turbo yana rage asarar tudu. A kan takarda shi ne amsar tambayarka. Sai dai kan silindarsa na alminiyam ne, kuma an san shi da tsagewa idan ya tafasa, ko da sau ɗaya ne mai tsanani. Wanda za ka samu a kasuwa ya riga ya yi shekaru a jikin wata mota, ba ka san sau nawa ya tafasa ba. Bayan haka ba ya zama a mazaunin 3L kai tsaye: yana son giyarsa ta dangin R, da mazaunin inji, da lagireto babba, da salansa. Idan 1KZ-TE ne kuma, famfon gas ɗinsa kwamfuta ke sarrafa shi, sai an zo da kwamfutar da wayoyinta da na'urar totur cikakku, kuma sai an samu mai waya da ya san su. Idan aka yi aikin rabi da rabi, an gudu gara an faɗa gidan zago. Wanda ke da kuɗin yin komai daidai, kuma tirelarsa ta wuce tan ɗaya da rabi kullum, zai iya. Amma a nan ma sai in ce motar ce ta yi wa aikin ƙanƙanta, ba injin ba.

Komawa fetur ba sai an daɗe a kai ba. 22R, mai lita 2.4, murɗarsa ba ta kai ta 3L ba, don haka ka kashe kuɗin canja giya, tanki da waya ne don ka ƙara rauni. 3RZ mai lita 2.7 ya fi ƙarfi, doki 150 da murɗa 240, amma sai a juyi 4,000 yake ba da ita, kuma da kaya a baya zai sha mai har ka ji a aljihunka. Injin kirki ne ga motar da aka ƙera da shi. Ga taka, dasawa ce mai tsada.

Haka nan batun liƙa wa 3L turbo. Matsin silindarsa 22.2 ne a kan 1, ga ƙaramin ɗakin ƙonewa a cikin kan silinda wanda dama shi ne wurin da zafi ke taruwa. Ana yi, yana kuma aiki ga mai sa ido kan ma'aunin zafin hayaƙi, wanda ya san ya ɗaga ƙafa idan ya doshi digiri 650. Ga motar da yaron mota zai tuƙa da tanki a baya, ban ba da shawara ba.

Yanzu ga inda kuɗinka zai tsira ko ya salwanta: me ake nufi da “an gina inji”? A garejinmu kalmar tana ɗaukar abubuwa uku da ba su da alaƙa. Akwai wanda aka wanke da fetur aka fesa wa fenti. Akwai wanda aka yi wa ringi kawai, wato aka sa sabon metal (ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa) da sabon ringin fistin a tsohuwar silinda da ta riga ta zama kamar ƙwai. Wannan zai yi shiru wata uku zuwa shida, daga nan ya koma shan mai, domin ringi mai zagaye ba ya rufe ramin da ba zagayayye ba. Sai na uku, ginin gaske: an kai bulok wurin masu tana an auna kowace silinda sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, an yi borin zuwa girma na gaba, yawanci ƙarin 0.50 na milimita, an sa fistin da ringi na wannan girman. An auna karanshaf, in ya ci an goge shi zuwa 0.25 ko 0.50 an sa metal daidai da shi. An gwada kan silinda da matsin ruwa don neman tsaga. An sa sabon famfon baƙin mai ko an auna tsohon an tabbatar. Na ukun nan kaɗai ya cancanci ya ja tirela.

Ba a cinikin biri a sama. Idan 5L ɗin da aka gina za ka saya, ka nemi a cire kaskon mai na ƙasa a gabanka. Ka sa yatsa a gindinsa: ƙyalƙyalin ƙarfe ko na tagulla alama ce metal yana ci. A kwance murfin kwanrod ɗaya da na babban metal ɗaya ka ga fuskarsu, kuma a bayan metal ɗin ana buga girmansa, sai ka gani ko ya dace da abin da aka faɗa maka. Fistin mai ƙarin girma ma yana da lamba a kansa. Mai sayarwar da ya yi aikin gaske ba ya jin haushin wannan. Idan kuma injin yana iya tashi a ƙasa, a auna matsin silinda ta ramin hita fulogi da ma'aunin gas, ba na fetur ba. Ga dangin L, lafiyayye yana ba da kilo 32 a kan santimita murabba'i ko sama, mafi ƙarancin da littafin Toyota ya yarda da shi 20 ne, kuma kada tazarar silinda da silinda ta wuce 5. Injin da aka ce sabon gini ne ya ba ka 24, ka bar musu kayansu. Sai matsin baƙin mai, da ma'auni na gaske a mazaunin suwic, bayan injin ya yi zafi sosai: a silo kada ya gaza kilo 0.3 a kan santimita murabba'i, a juyi 3,000 kuma ya kai wajen kilo 3. Mai sanyi yana ɓoye komai, don haka awon da aka yi minti biyu bayan tashi ba shaida ba ne. Ka buɗe murfin zuba mai yana silo: ɗan huci ba laifi, amma hayaƙi mai bugowa kamar na jirgin ƙasa ringi ne ba ya riƙewa. Ka cika lagireto ka duba bakinsa: kumfa mai tasowa ba tsayawa, gasket ne ko tsagar kai.

Abin da ya sa na fifita gina naka: ka san tarihinsa, lambarsa ce a takardunka, kuma duk abin da ke jikinsa ya dace da motarka. 5L da yawa a kasuwa daga Hiace suka fito, kaskon mai da bututun tsotson mai da mazaunin inji da wasu bututai ba iri ɗaya ba ne da na Hilux mai aksul ɗin gaba. Ana sauya su da na tsohon injinka, don haka kada ka sayar da 3L ɗin ko ka ba da shi a musaya kafin aiki ya ƙare. Ka kuma bambance 5L da 5L-E: na biyun kwamfuta ke tafiyar da famfonsa. In ka canja inji, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, ka kai a gyara takardun mota.

In naka za a gina, akwai wurare huɗu da aka fi yin ganganci. Na farko gasket ɗin kai. A dangin L kauri uku yake zuwa, masu alamar B, D da F, kuma ana zaɓa ne bayan an auna yadda fistin ke leƙowa saman bulok. Wanda ya sayo duk wanda ya samu a shago yana caca ne: siriri ya sa fistin ya kusanci bawul, mai kauri ya rage matsi ya sa tashin safe ya yi wuya. Na biyu kusoshin kai. Ana ɗaure su da sifana mai ma'auni zuwa 78 Nm bi da bi daga tsakiya zuwa gefe, sannan a ƙara kwata ɗin juyi, a sake ƙara wani kwata. Irin kusoshin da ke miƙewa ne, saboda haka sabbi sun fi, kuma “na ɗaure da hannu na ji ya kama” ba awo ba ne. Na uku na'urar sanyaya baƙin mai da ke gefen bulok. Idan metal ya taɓa narkewa a injin, garin ƙarfe yana maƙalewa a cikinta, ranar da aka tayar da sabon gini sai ya fito ya cinye sabon metal cikin mako guda, a ɗora wa mai tana laifi. A wanke ta sosai tare da duk hanyoyin mai na bulok da na karanshaf, ko a canja ta. Na huɗu nozul da famfon gas. Sau da yawa su ne suka kashe injin tun farko: nozul mai ɗiga maimakon feshi yana wanke mai daga bangon silinda, yana ƙona kan fistin. A kai su wurin masu gwaji, su buɗe a wajen kilo 150 da feshi mai laushi, a saita lokacin famfo da ma'auni. Kada ka yarda a buɗe sukurun gas “don ƙarin ƙarfi”. A inji marar turbo, kuma a kan tudu inda iska ta yi ƙaranci, ƙarin gas baƙin hayaƙi ne da zafi, ba doki ba.

Taimin bel, da abin ɗaure shi da ƙafafunsa, da famfon ruwa, duk sabbi, kuma na kirki. Ana canja bel ɗin a kilomita 100,000, in ya tsinke fistin yana dukan bawul. Tazarar bawul a sanyi, a milimita: na shiga 0.20 zuwa 0.30, na fita 0.40 zuwa 0.50. Na fita in ya matse, shi ke ƙonewa a dogon hawa.

Ka ce allura tana tashi a Hawan Kibo. Sabon inji ba zai warkar da wannan ba, sai ma ya zama abincinsa. Lagireton da ya shekara talatin yana shan ruwan rijiya ya toshe da gishiri daga ciki, ko da daga waje yana ƙyalli. A canja shi ko a sa masa sabon ciki mai layi uku. Rumfar fanka ta roba da ake cirewa a jefar, a mayar da ita, domin ba ita fanka tana juya iska ne a gefe ba ta jawo ta cikin lagireto ba. Fankar kanta tana da kuloci mai man silikon: idan inji ya yi zafi ya kamata ka ji ta kama tana gurnani, in kuwa tana juyawa sakaka ko a zafi, ta mutu. Murfin lagireto na 0.9, sabo. Tamostat kuma a bar shi a ciki. Al'adar cire shi ta samo asali ne daga motocin da lagiretonsu ya toshe, aka ga kamar an samu sauƙi. Ba shi, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ringi yana ci, kuma ruwa yana iya zagayawa ta gajeriyar hanya bai bi lagireto yadda ya kamata ba. A zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ba na famfo zalla ba. Ka ƙara ma'aunin zafi mai nuna lamba, don allurar dashbod tana zama a tsakiya tsawon lokaci, sa'ad da ta motsa an riga an yi nisa. In ka ga digiri 100 yana hawa, sauko giya, rage totur. In ya ci gaba, tsaya ka bar injin a silo ya huce, kada ka kashe shi nan take, kada kuma ka buɗe murfi.

Ga kuma abin da zai ba ka ƙarfin da kake nema a 5L ba ka samu ba: haƙoran aksul da girman taya. Ƙirga haƙoran babban faranti ka raba da na ƙaramin: 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 shi ne 4.88. Daga 4.30 zuwa 4.88 ƙarin jan da ke isa taya kashi 13 ne cikin 100, fiye da ninki shida na abin da 5L zai ƙara maka. Abin da za ka biya shi ne injin zai riƙa juyi da yawa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, gudunka na sama ya ragu, wanda mai tirela ba ya buƙata dama. Tunda taya huɗu ke ja, gaba da baya dole su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa giyar taimako, mai haɗa jan taya huɗu, a ƙasa mai tauri wani abu zai karye. Taya kuma: 205R16 tsayinta wajen inci 29 ne, wanda ya sa mai inci 31 don kyau ya zubar da kusan kashi 7 na jansa. In irin wannan ce a motarka, komawa ta asali ita ce gyara mafi araha a duk wannan bayanin.

Tunda inji yana ƙasa, a sa sabon kuloci gaba ɗaya da bearin ɗinsa biyu, a goge fuskar filawil, a canja silin bayan karanshaf. Da tirela kada ka yi hawa ko doguwar tafiya a giya ta biyar, ta huɗu ce ke wucewa kai tsaye ba ta wahalar da haƙora. Wajen tashi a kan tudu da kaya, gara ka sa ƙaramar giyar taimako da ka ƙona kuloci, in dai makullan tayoyin gaba a buɗe suke.

Birki: a wannan motar famfon da ke tsotse iska don taimakon birki yana bayan altaneta ne. In inji ya zo da wata altaneta marar shi, ko bututun mansa ya toshe, feda za ta yi tauri kamar dutse a lokacin da ka fi buƙatarta. A gwada kafin a fita gareji. Tirelar da ta wuce kilo 750 kuwa tana son birkin kanta, haka ƙa'idar take a ƙasashen Turai, kuma taka ta ninka wannan. Nauyin da ke sauka a kan ƙugiya ya zama wajen kashi 10 cikin 100 na tirelar, ƙugiyar kuma a jikin shasi take, ba a bamba ba. Tanki ko dai cike ko babu komai, domin rabin tanki ruwan yana tunkuɗa mota a kwana da wajen birki. Gangara kuma da giyar da ka hau da ita za ka sauka.

Bayan an ɗora injin, kada a bar shi yana silo dare guda wai yana “zama”. Minti ashirin zuwa talatin sun isa a duba yoyo da zafi da matsin mai. Dogon silo yana sa bangon silinda ya yi santsi kafin ringi ya zauna, daga nan shan mai ya fara tun yana sabo. A fita da shi hanya, ana sauya gudu da giya, da ɗan kaya matsakaici a baya, ba tare da an kai shi ƙarshen totur ko an bar shi yana nishi a babbar giya ba. A juye baƙin mai da filta a kilomita 500, a sake a 1,000, a duba tazarar bawul da bel. Sai bayan nan za a ɗaura tirela, a fara da rabin buhunan da aka saba. Mai 15W-40 na injin gas, kuma ga motar da ke jan kaya cikin ƙura, kowane kilomita 5,000 a canja, filtar iska kuma a buɗe ta kowane mako lokacin hunturu.